Babi na Biyar: Tagullar Kaisar da Wurin Katsina

A cikin kuɗin da Daular Roma ta buga a zamanin ƙarfinta, kwadaran shi ne auta. Ɗan jan ƙarfe ne da nauyinsa bai fi giram 3 ba, kuma sai an tara guda 64 kafin su yi dinariyus ɗaya na azurfa. Da shi talaka ke biyan kuɗin shiga gidan wanka na jama'a. Saboda rashin darajarsa, sau da yawa ba a ma ɓata lokacin sa masa fuskar Kaisar. Amma a zamanin Domishiyan, wanda ya yi mulki daga shekarar 81 zuwa 96 Miladiyya, an buga wani kwadaran da ya kamata mutumin ƙasarmu ya tsaya ya dube shi. A fuska ɗaya akwai sunan Kaisar kewaye da manyan baƙaƙe biyu, S da C. A ɗaya fuskar kuwa karkanda ne yana tafe, kai a sunkuye, da ƙaho biyu a kan hanci.

Karkandan Indiya ƙaho ɗaya gare shi. Wannan mai biyun na Afirka ne, daga kudancin Sahara. Masanin taswira Batalimus na Iskandariyya ya rubuta labarin wani mutum, Yuliyus Maternus, da ya tashi daga Leftis Magna a gaɓar Libiya ta yau, ya sauka Garama a Fezzan, sa'an nan ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu kudu, har wata ƙasa da ake kira Agisimba, inda karkanda ke taruwa. Masana sun rabu kan inda Agisimba take: wasu sun ce wajen Tafkin Chadi, wasu sun ce wajen duwatsun Azbin ko Tibesti. Akwai kuma masu ganin cewa wannan tafiya ce ta samar da dabbar da aka nuna wa mutanen Roma a filin wasa, har aka zana ta a kuɗi. In haka ne, to namun dajin Sudan, wato ƙasashen kudu da Sahara, sun hau kuɗin Kaisar, amma kuɗin Kaisar bai taɓa zama abin ciniki a kasuwannin Sudan ba. Dalilin haka shi ne zancen wannan babi, kuma ba za a gane shi ba sai an san mene ne kuɗin tagulla a wurin masu shi.

Kaisar Agustus ne ya daidaita tsarin, wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A sama akwai awuriyus na zinariya, wanda ya yi dinariyus 25 na azurfa. Kowane dinariyus ya yi sestertiyus 4. Daga nan ƙasa duk ƙarfen talaka ne: sestertiyus ɗaya dufondiyus 2 ne, ko as 4, ko kwadaran 16. Sestertiyus da dufondiyus ana yin su da jan ƙarfe haɗe da tutiya, sai su fito ruwan ɗorawa suna ƙyalli. As da kwadaran kuwa jan ƙarfe ne zalla. Masu nazarin tsoffin kuɗi sukan haɗa su duka su ce musu tagulla, mu ma haka za mu yi.

Sestertiyus ƙato ne, ya haura giram 25, faɗinsa ya wuce santimita 3. Da shi Romawa ke lissafin dukiya, ko da a hannu zinariya ce za a bayar. Ba ka zama ɗan majalisar dattawa sai kana da dukiyar sestertiyus miliyan ɗaya. Soja kuwa 900 yake samu a shekara a zamanin Agustus, sai Domishiyan ya mayar da shi 1,200. Da a ce tagulla ake ƙirga wa sojan Agustus albashinsa na shekara, da ya saɓi fiye da kilo 22. Saboda haka azurfa ake ba shi, sau uku a shekara, bayan an zabge kuɗin abinci da tufafi. Da sojojin kan iyakar Danub suka yi bore a shekara ta 14, bayan rasuwar Agustus, babban kukansu shi ne an yi wa ransu da jikinsu kuɗi as 10 a yini. Dinariyus guda suka nema.

Abin da as ke saye mun san shi daga bangon Fomfeyi, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Masu shago da masu gida sun bar lissafinsu a karce a jikin garu: burodi na as 2, mai na kaza, cuku na kaza. Wata mashaya ta rubuta farashinta hawa uku, na as 1, na as 2, da na as 4 don masu hannu da shuni. Wato as shi ne kuɗin cefane. Wanda ya karɓi azurfa dole ya bi ta teburin ɗan canji kafin ya shiga layin masu kifi. A Fargamos, a ƙasar Turkiyya ta yau, an sami dutse ɗauke da hukuncin da ake jingina wa Kaisar Hadiriyan kan rigimar 'yan kasuwa da 'yan canji. 'Yan canjin da gari ya ba izini suna sayen dinariyus a kan as 17, su sayar a kan 18, gari kuma yana da kasonsa a ribar. Wannan as ɗaya na tsakani shi ne abincinsu, kuma a kansa aka kai ƙara har gaban Kaisar.

Da hannu ake buga kowane guda. Za a narka ƙarfe a zuba shi ƙanana-ƙanana, a gasa. Mutum ɗaya ya ɗauko da awartaki ya aza a kan hatimin da aka kafe a jikin uwar maƙera, wani ya dafa hatimi na biyu a sama, na uku ya sauke guduma. In hannu ya goce, rabin sunan Kaisar ya faɗa waje. In hatimi ya tsage, tsagar ta bi kowane kuɗi har ranar da aka sake sabo. Shi ya sa da wuya ka sami biyu da suka yi daidai ta ko'ina. Baƙaƙen nan S da C suna nufin da yardar majalisar dattawa, kuma kusan duk tagullar da aka buga a birnin Roma tana ɗauke da su, alhali zinariya da azurfa ba su cika ɗauka ba. Ni dai ina ganin ladabi ne irin na mai iko: ya riƙe tukunya, ya bar wa dattawa suna a jikin murfi.

Wata matsala ta taso da as da dufondiyus, domin girmansu ya yi kusa, launi kaɗai ya raba su. Kuɗi kuwa in ya sha hannu, ya sha gumi da ƙasa, ja da ɗorawa duk baƙi suke komawa. A zamanin Niro, wajen shekara ta 64, aka fara sa wa kan Kaisar kambi mai tsinke-tsinke kamar hasken rana a jikin dufondiyus, aka bar na as da kambin ganye. Ko wanda bai iya karatu ba ya san mai tsinke biyu ne. A riƙe wannan alama, za ta dawo da mugun nufi.

Faɗin sestertiyus ya ba masu sassaƙa hatimi fili, hukuma kuma ta ga wurin yin shela. Niro ya sa tashar jiragen ruwa ta Ostiya, da jiragen a ciki. Titus ya sa babban filin wasan Roma, har da kawunan 'yan kallo. Narba, a shekara ta 97, ya sa alfadarai biyu suna kiwo, keken da suke ja yana ajiye a bayansu, don a san ya ɗauke wa mutanen Italiya wajibcin ba manzannin gwamnati dabbobin sufuri. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin ɗaukar kayan Bature daga zango zuwa zango ya san daɗin da wannan hoto zai yi wa manomi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Hadiriyan. A shekara ta 118 ya yafe bashin haraji na sestertiyus miliyan 900, ya sa aka tara takardun a dandalin Tarajan aka cinna musu wuta. A jikin kuɗin ga dogari tsaye, sandar mulki a hannu ɗaya, bakin wuta a ɗayan, ya miƙa shi ga tulin takardu. A wasu bugun akwai mutum uku a gefe sun ɗaga hannu suna murna. An kuma rubuta adadin a kewaye, kada wani ya ce bai ji ba. Sai dai a tuna, shekarar ce aka kashe manyan dattawa huɗu, gari ya yi tsami, sabon Kaisar yana neman wanke kansa. Ruwa ba ya tsami banza, alheri irin wannan ma ba ya zuwa banza. Fuskar da ke kan kuɗi kuma tana iya zama abin ƙi: marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ce bayan kashe Kaligula majalisa ta yi umarni a narke tagullar da ke ɗauke da kansa.

To, me ya hana wannan kuɗi tsallako hamada? Ƙarfen da ke cikin as bai kai darajar da aka yanka masa ba. Abin da ya cike giɓin shi ne iko: mai karɓar haraji zai karɓa, alƙali zai tilasta, ɗan canji zai musanya da azurfa. Inda waɗannan uku suka ƙare, nan as ke komawa guntun jan ƙarfe, a auna shi a sikeli kamar kowane. Zinariya da azurfa ba su da wannan damuwa, shi ya sa aka tono su jibge a kudancin Indiya. Gaskiya ne a ƙarni na 4 da na 5 ƙananan tagullar Roma sun isa kudancin Indiya da Siri Lanka da dubbai, amma jirgin ruwa ne ya kai su, shi kuwa nauyi ba ya damunsa. Raƙumi ba haka yake ba. Babu madugun da zai sauke gishiri ko tufafi ya ɗora abin da ƙimarsa za ta zube tun kafin a bar Fezzan. Abin da ya kutsa cikin hamada ƙwaya-ƙwaya ne, kuma a matsayin ado. A Abalesa, cikin duwatsun Hoggar na Aljeriya, an buɗe kabarin da Buzaye ke jingina wa kakarsu Tin Hinan a 1925, aka sami ɗan fallen zinariya da aka danna a kan kuɗin Kaisar Kwanstantin har hoton ya fito. Hoton aka so, ba abin da kuɗin ke saye ba.

Ba wai mutanen wannan yanki ba su son jan ƙarfe ba. Suna so ƙwarai, amma a matsayinsa na ƙarfe, ba tare da kan kowa a jiki ba. Ibn Battuta ya sauka Takedda a 1353, garin da masana da yawa ke cewa shi ne kufan Azelik, yamma da Agadas. Ya ga ana narka jan ƙarfe a gidaje ana mayar da shi sanduna, tsawon kowace kamar taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero, alkama, man shanu da bayi. Ka ga nan ma an raba kuɗin cefane da kuɗin babbar hidima, ba tare da wata majalisa ta zauna ba. Ya kuma ce ana kai wannan ƙarfe Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da dama ke ɗauka Gobir ce.

A cikin ƙasar Katsina kanta akwai shaida a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani. Wani Bature, Palmer, ya fara tona wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka yi musu bincike. An binne manyan da ke cikin kaburburan tsakanin ƙarni na 13 ko na 14 zuwa na 16, da mundaye na jan ƙarfe da tagulla, da hauren giwa, da zinariya, da wata tasa da ta fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Akwai kuma wuri. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa, amma Durɓi ta nuna cewa manya sun san shi tun kafin ya zama kuɗin kowa da kowa.

Wuri ya yi abin da as ya kasa. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake fitowa, babu maƙerin da zai iya yin jabunsa, babu sarkin da zai iya rage masa nauyi, kuma ba ruwansa da wanda ke kan gado. Katsina ta Haɓe ta karɓe shi, Katsina ta Dallazawa ta karɓe shi, Maraɗi da ke yaƙi da ita ma ta karɓe shi. Ƙanƙantarsa ta sa ko tsohuwa mai sayar da daddawa tana da abin ba da canji. Aibinsa nauyi ne da wahalar ƙirga. Keso guda, wato wuri 20,000, ya ishi ɗan dako kaya. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya tarar a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa, ya kuma ba da labarin yadda aka taru a Tasawa aka ƙirga 500,000 da hannu, biyar-biyar.

Barth ya ratsa yammacin Katsina a watan Maris na 1853, yana kan hanyar Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Sun bi ta Kuraye, suka bi ta Kurfi, suka sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana. Lokacin ana jin ƙishin-ƙishin Gobirawa sun fito yaƙi, saboda haka daga Zakka suka ɗaure ɗamara suka keta daji ba tsayawa har wajen Bunka da Zurmi. Dajin da ya raba Katsina da Zamfara, ashe, ba yau ya fara hana matafiyi barci ba. Abin da ya shafe mu shi ne guzurinsa. Kafin ya bar birnin Katsina ya kashe fiye da wuri miliyan ɗaya a kan riguna da turkudi da sauran saƙar Kano da Nufe. Ya san ba za a keta wannan daji da keso hamsin ba. Tufa ta fi sauƙin ɗauka, kuma ana karɓarta har Tumbutu. Bayan shekara arba'in, da kamfanonin Jamus da na Faransa suka cika gaɓar teku da wurin Zanzibar mai araha, darajar ta faɗi har wani Bature, Robinson, ya rubuta cewa ya kasa sayar da dokinsa, don kuɗin dokin sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladansu kuma zai cinye kuɗin ya nemi ƙari.

Mu koma Roma, don ita ma ba kullum take wadata talakanta da canji ba. Hukuma takan buga kuɗi ne don ta biya soja da ma'aikaci, ba don mai tuyar ƙosai ta sami na mayarwa ba. A sansanonin soja na bakin kogin Rayin, zamanin Agustus, an tono as da yawa da aka datse biyu da kurfi, kowane ɓari yana tafiya a matsayin rabi. Bayan Kalaudiyus ya ci Birtaniya a shekara ta 43, tagulla ta yi ƙaranci har aka shiga kwaikwayonta a can. Wasu kwaikwayon sun yi kyau, wasu kuwa Kaisar ya fito da wuya kamar na zalɓe, baƙaƙen sun zama zane kawai. Duk da haka an karɓe su an yi ciniki, don da babu gara ba daɗi. Tsofaffin da suka shafe kuma sai a buga musu ɗan ƙaramin tambari a sake sako su. A Kalkirize ta Jamus, inda ake kyautata zaton nan aka hallaka rundunar kwamandan Roma Barus a shekara ta 9, an sami as masu ɗauke da tambarin sunansa.

Mai zuwa kasuwar Batsari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Tsohuwa ta sayi gishiri da magi na naira 170, ta miƙa ɗari biyu.

"Inna, wallahi babu canji. Ko in cika miki da ashana?"

"Ɗan nan, ashanar me zan yi? Jiya ma ita ka ba ni."

"To riƙe alawa ki kai wa jikokinki."

Ta karɓa tana mita. Mai tebur bai cuce ta da gangan ba, amma an sayar mata abin da ba ta zo saye ba, kuma gobe ma haka za a yi. Mai sayen buhu ba ya jin wannan ciwo. Mai sayen ƙulli shi ke jinsa kullum.

Yankin ya ga abin da ya fi haka. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki. A lokacin, kuɗin da ke cikin waya yana nan a rubuce, amma sai ka yi tafiya zuwa inda sabis yake kafin ya zama naka. Sa'an nan a ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun 200, 500 da 1,000, ya janye tsofaffi kafin sababbi su wadata. A watan Fabrairu na 2023 mutane sun sayi naira da naira a hannun masu POS, manomi ya karyar da hatsinsa ga duk mai tsaba, a wasu garuruwan kan iyaka kuma aka koma ciniki da sefa, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Ɗan canjin Fargamos da as ɗinsa ɗaya, in aka gwada, mai tausayi ne.

Mutuwar tagullar Roma daga sama ta faro. Niro ya ɗan rage azurfar dinariyus, waɗanda suka biyo baya suka yi ta ƙarawa. Zamanin Seftimiyus Seberus, ɗan Leftis Magna, ta koma wajen rabi. A 215 ɗansa Karakalla ya fito da sabon kuɗin azurfa, ya sa wa kansa kambin nan mai tsinke, alamar biyu, alhali nauyinsa na dinariyus ɗaya da rabi ne. Yaƙe-yaƙe suka yi yawa, sojoji suna naɗa Kaisar suna kashewa, kowane sabo kuma sai ya biya waɗanda suka ɗora shi. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikin wannan kuɗi ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce aka yi wa wankan azurfa, in ta kwana biyu a hannu sai ja ya bayyana.

Nan sestertiyus ya rasa wurin zama. Yaya za a ce ƙaton ƙarfe mai giram 20 ya zama kashi ɗaya cikin takwas na ɗan ƙaramin da bai fi giram 3 ba, alhali kusan ƙarfensu ɗaya? Mutane suka ɓoye manyan, gidan buga kuɗi ya narke waɗanda suka dawo masa, a shekarun 260 aka daina buga shi a kai a kai. Wata takarda daga Masar, ta shekara ta 260, tana ɗauke da umarnin hakimi ga 'yan canjin da suka rufe teburansu suka ƙi karɓar kuɗin Kaisar, cewa su buɗe ko su gamu da hukunci. A zamanin Awureliyan ma'aikatan gidan buga kuɗi na Roma da kansu suka yi tawaye ƙarƙashin shugabansu Felisisimus, sai da aka zubar da jini a cikin birni.

Diyokilishiyan ya gwada gyara a 294 da sabuwar tagulla mai giram 10 da ɗan ɗigon azurfa, wadda masana ke kira folis. Aka buga ta iri ɗaya daga Landan har Iskandariyya, har da Kartaj a Tunisiya ta yau. Farashi bai saurara ba. A 301 ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya da ayyuka fiye da dubu: ɗan ƙodago a gona dinariyus 25 a yini da abinci, mai jan raƙumi 25, wanzami 2 a kan kowane kai. Wanda ya ƙetare, kisa. Ka tuna sojojin da suka yi bore don neman dinariyus ɗaya a yini. Marubuci Laktantiyus, wanda ya ga zamanin kuma ba ya ƙaunar wannan Kaisar, ya ce kaya ɓacewa suka yi daga kasuwa, tsada ta ƙaru, aka bar dokar ta mutu. Folis ya yi ta ramewa, cikin shekara talatin ya koma wajen giram 3, daga baya ya gaza 2. Kwanstantin kuwa ya kafa solidus na zinariya, 72 a ratal ɗin Roma, wanda ya riƙe nauyinsa shekaru ɗaruruwa. Mai karɓar albashi da zinariya ya tsira. Mai karɓa da tagulla, kuma ana neman harajinsa da lissafin zinariya, shi ya ɗauki asarar.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dattawan Ruma da Runka da Wagini, a nan ƙasar Katsina, sun ga irin wannan tsani yana karyewa daga ƙasa, mataki-mataki. Anini mai huji ya shigo da Turawa, na farkonsa a 1907 da sanholo aka yi shi. Goma suka yi kwabo, sai ɗari, taro, sisi, sule. Kwabon Nijeriya na 1959 tagulla ne mai huji a tsaka, ana zura shi a igiya, daga baya masu rufin kwano suka mayar da shi matashin ƙusa. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo da kwabonta na tagulla mai hoton rijiyoyin mai, da rabin kwabo mai auduga, da kwabo 25 mai gyaɗa. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira ɗaya ƙarfe. A watan Fabrairu na 2007 aka sake fito da kwabo 50 da naira 1, aka ƙara da naira 2. Har yau doka ba ta soke waɗannan uku ba, amma ka miƙa wa yaro mai tallan rake ka ga kallon da zai yi maka. Babu wanda ya yi shelar mutuwarsu, kamar yadda babu Kaisar da ya yi shelar mutuwar as. Abin da za su saya ne ya ƙare. Naira biyar da goma na leda suna kan wannan hanya.

A 1981, kusa da Misrata a gaɓar Libiya, ba nisa ƙwarai da garin da Maternus ya tashi, aka tono tuluna cike da folis, kimanin 108,000, waɗanda aka buga tsakanin 294 da 333. Yana cikin mafi girman tarin kuɗin Roma da aka taɓa samu. Masana na ganin ba ajiyar mutum ɗaya ba ce, dukiyar hukuma ce ko ta wata tashar gwamnati, an ware ta tulu-tulu gwargwadon bugu da nauyi, don tsofaffi masu nauyi ba a haɗa su da sababbi ramammu. A ƙarni na 5 tagullar da ta rage ba ta fi giram 1 ba, ana ba da dubbai kafin a sami solidus guda, sai a ɗaure su a jaka a yi ciniki da jakar. Sai a 498 Kaisar Anastasiyus na Kustantiniyya ya sake buga babbar tagulla, ya sa mata baƙin M, wato arba'in a lissafin Girkawa. Ita Musulmi suka tarar a kasuwannin Sham da Masar, suka ci gaba da amfani da ita da kwaikwayonta, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hotuna daga kuɗi a shekara ta 77 bayan Hijira, ya bar rubutu zalla. Dinarin da ya fito daga wannan gyara shi ne ya ja fatake suka tsallako hamada neman zinariyar Sudan, kuma a kansa babi na gaba zai tsaya.